Da Sauƙi, In Ji Saje

Lamba 47 aka kira. Saje ya miƙe a hawa uku kamar raƙumi, Hajiya na biye da shi riƙe da baƙar leda. Tun bayan sallar asuba suke kan benci, ga shi ladan har ya fara gyaran murya don azahar.

LIKITA: (bai ɗago kai ba) Sannu Baba. Ya jiki?

SAJE: Da sauƙi, alhamdulillahi.

Biro ya kama gudu.

LIKITA: Madalla. Farasitamol, biyu-biyu sau uku. Nas, na gaba!

HAJIYA: Babu na gaba. Mu ne na gaba, mu ne na bayan na gaba. Ɗana, aje biron nan. Wata 14 ke nan muna zarya, kullum "da sauƙi", kullum farasitamol. In da sauƙi mi ya kawo mu? Kallon fanka?

SAJE: Hajiya, maza na gaisawa kina tsoma baki. Mutum ya ce ya jiki, in ce mishi mi? Da muni?

A nan kam Saje na da rabin gaskiya. "Ya jiki" a bakin kowa gaisuwa ce, a bakin likita ne kawai ta zama tambaya. Ni da idona na ga wanda ake ƙara wa jini leda ta biyu yana cewa da sauƙi.

LIKITA: To Baba, ina ke maka ciwo?

SAJE: Babu inda ke ciwo. Ƙugu ne ke ɗan gaishe ni jefi-jefi.

HAJIYA: Daga ƙugu yake tasowa, ya bi ta bayan cinyar hagu, ya gangara har babban yatsa. In ya yi tari ko atishawa sai ya dafe bango.

LIKITA: Yaya yake ji? Suka, ko zogi, ko zafi kamar wuta?

SAJE: Kamar cizon sauro. Ƙaramin sauro ma, wanda bai ƙosa ba.

HAJIYA: Daren jiya cewa ya yi kamar an jona shi da wayar lantarki.

SAJE: Ai shi ya sa na ce da sauƙi. Wutar lantarki a garin nan awa nawa take yi?

LIKITA: Bari mu yi ta lissafi. Daga sifili zuwa goma. Sifili babu ciwo ko kaɗan, goma kuma ciwon da ba ka taɓa jin irinsa ba. Nawa za ka ba shi?

Hajiya ta rufe ido, don ta san ƙofar da yaron nan ya buɗe.

SAJE: Yaro, a 1990 kana ina? Ni ina Monrobiya da rundunar ECOMOG. Ƙarfen bam ya shige mini nan, kafaɗa. Babu allurar kashe zafi. Kofur ɗina ya ciro shi da filaya ina cin biskit. Wannan na ba shi uku. Na yi Laberiya, na yi Saliyo, maciji ya sare ni a daji, macijin ne ya kwanta jinya. Wannan biyu. To ka auna, ɗan gaisuwar ƙugu nawa zai samu? Rubuta ɗaya. In kana son ka kyauta mishi, ɗaya da kwata.

HAJIYA: Shekarar da ya dawo, ƙusa ce ta yage shi wajen sauka daga jirgin ruwa. Da aka yi shekara goma ta zama harsashi. Bam ɗin bana ya fara.

SAJE: Kina wurin?

HAJIYA: Ni na wanke rigar.

Likita ya yi dariya, kuma a dariyar ne asirinsa ya tonu, don wata kalma ta kuɓuce masa da ba ta Hausa ba.

SAJE: Tsaya. Kai ɗan ina ne?

LIKITA: Bida, Baba.

SAJE: La'ilaha illallahu! Hajiya, tashi mu tahi. Bawana kika kawo ni in yi wa raki? Bakatsine gaban Banufe? Gobe a ji a Bida an ce ɗan ɗakin kara ya ce wayyo? Kunya gare mu, ba dai tsoro ba!

LIKITA: Kunyar ce ta sa ka wata 14 kana shan farasitamol, ubangidana. Ni na ce takwas ne.

SAJE: Albarka.

LIKITA: Bakwai da rabi.

SAJE: Albarka dai. Biyu, don darajar Hajiya.

LIKITA: Baba, ko a Kasuwar Charanchi ba a yi wa saniya irin wannan tayi.

SAJE: Uku. Na kai ƙarshe. In ka ƙi, ka kai kayanka gaba.

Hajiya ta zaro littafin makaranta mai bangon shuɗi daga cikin mayafi ta ɗora a tebur.

HAJIYA: Ni ban yi boko ba, amma jikata Ummi ta yi. Sati biyu tana rubutawa. Karanta, da ƙarfi.

LIKITA: "Litinin. Kaka ya farka sau 4. Ya ce wayyo sau 11, wayyo Allah sau 6. Talata. Ya yi isha'i a kan kujera, ya ba ni naira 200 kar in faɗa wa liman. Laraba. Daga gida zuwa Ƙofar Soro ya tsaya sau 3, ya ce gini yake dubawa. Alhamis. Ya kasa sa takalmi da kansa. Juma'a. Bai je masallaci ba, ya ce huɗubar bara za a maimaita."

SAJE: Wannan yarinya na sake ta. Ko sadakin ba na so. Kuma ta maido mini ɗari biyuna.

LIKITA: Baba, wannan littafin ya fi duk abin da ke cikin foldarka amfani. Ciwon da ya wuce wata 3 ba a yi masa kallon ciwon jiya. Abin da nake bukata shi ne inda yake, irinsa, me ke tayar da shi, da abin da ya hana ka yi. Ga su nan duka.

HAJIYA: Saura ledar.

Ta zazzage. Abin da ya fito ya isa a buɗe ƙaramin kemis a Ƙofar Ƙaura.

LIKITA: Diklofenak. Ibufurofen. Duka biyun kake sha?

SAJE: Ɗaya na safe, ɗaya na dare. Soja ba ya barin bakin daga ba mai gadi.

LIKITA: Ai 'yan gida ɗaya ne. Haɗa su ba ya ninka sauƙi, illa yake ninkawa. Suna cin bangon ciki har ya zama gyambo, suna gajiyar da ƙoda, suna ɗaga hawan jini. Ƙirjinka na zafi?

SAJE: Sam.

HAJIYA: Kanwar gidanmu ta ƙare a kansa.

LIKITA: Wannan ƙullin fa? Ja, fari, ruwan ɗorawa, ba suna ba kwali.

HAJIYA: Haɗi ne. Yaron kemis na bakin layi ke haɗa mishi.

LIKITA: Irin wannan haɗin sau da yawa akwai farasitamol a ciki, ga wanda muke rubutawa. Babba ba ya wuce ƙwaya 8 masu 500 a wuni, in ya zarce hanta ce ke biya. Wasu kuma suna jefa desametason a ciki, mutum ya ji garau kwana biyu, sai fuska ta cika, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni. Dubi kumatunsa.

SAJE: Hutu ne. Ƙibar fansho.

HAJIYA: Fanshon da ka je tantancewa sau uku don ka tabbatar musu kana da rai?

Gorar ƙarshe ba a daɗe a kanta ba. Maganin sanyi ne daga mai mota da lasifika, wanda takardarsa ta ce yana maganin basir, shawara, taifot, amosanin gaɓɓai da rashin ciniki. Likita ya ture ta gefe da bayan biro.

HAJIYA: To tunda waɗannan ba su yi ba, a ba shi mai ƙarfi.

Fuskar likita ta canja kamar an ce masa rance.

LIKITA: Mai ƙarfi kamar me? Turamol?

HAJIYA: Ɗana, dubi furfurar nan da kyau. Ya yi maka kama da yaran bakin tasha? Ban san sunan magani ba. Barci nake so mu yi, ni da shi.

LIKITA: Yi haƙuri Mama. Tun da aka hana maganin tari mai kodin a 2018, ga jami'an NDLEA na kama turamol kwali-kwali, duk wanda ya ce "mai ƙarfi" sai gabanmu ya faɗi.

Abin haushin ke nan. Yaron da lafiyarsa ƙalau ya san lungun da zai samo ba takarda, mai ciwon gaske kuma ya bi layi tun asuba a yi masa kallon ɓarawo.

LIKITA: Kuma ko na rubuta, ba shi ne mafita ba. Ciwon da ya daɗe, in aka bi shi da turamol jiki sabawa yake yi, gobe ya nemi ƙari. Baba, hau gadon nan in duba ka.

HAJIYA: Ikon Allah. Wata 14, yau ne aka ce ya hau gadon. Na zaci na ajiyar folda ne.

Saje ya hau, shi ma a hawa uku. Likita ya kama diddigen hagu ya fara ɗaga ƙafar a miƙe. Ba ta kai rabin hanya ba.

SAJE: WAYYO ALL... ahu akbar!

Nas ta leƙo. Na kan benci suka yi tsit.

LIKITA: Nawa wannan?

SAJE: Kabbara na yi. An hana kabbara a asibiti?

LIKITA: Ba a hana ba. In sake ɗagawa mu ƙara samun lada?

SAJE: Shida! Na sallama a shida. Amma ka rubuta da ƙananan baƙi.

LIKITA: Allah ya sa albarka. Mama, alamu sun nuna jijiya ce ake dannewa a ƙasan gadon baya, babbar jijiyar da ke sauka ƙafa. Shi ya sa ciwon ke bin hanya ɗaya kamar waya. Ciwon jijiya ba ya cika jin waɗannan na ledar. Duk a daina su, sai dai haɗin nan: in akwai desametason a ciki ba a yanke shi farat ɗaya, a hankali ake janye shi.

HAJIYA: Sai mi?

LIKITA: Gwajin ƙoda da na suga tukuna, a auna hawan jini. Zan gwada shi da amitiriftilin, ɗan kaɗan, da dare kawai. Yana sa barci da bushewar baki, kuma ya riƙa tashi a hankali saboda jiri. Ba ya aiki rana ɗaya, sai an yi makonni. Sannan zan tura shi sashen gashin ƙashi su koya masa motsa jiki. Kwanciya wuni guda ƙara ɓata baya take yi.

SAJE: Ni za a koya wa motsa jiki? Ni da na horar da kurata a Zariya?

HAJIYA: Wanda Ummi ke sa wa takalmi. Ɗana, in bai yi ba fa?

LIKITA: Ku dawo bayan sati 4 da littafin nan. In babu canji a sauya magani, a yi hoton MRI, a tura shi wajen likitan ƙashi. Amma ku ji wannan da kyau: in ƙafar ta fara mutuwa, ko tsakanin cinyoyi ya daina jin taɓi, ko fitsari ko bayan gida ya fara kuɓuce masa, ko fitsarin ya ƙi fita, kar ku jira sati 4. A ranar za ku zo, ko tsakar dare ne.

SAJE: A gaban iyalina kake wannan magana? Banufe dai Banufe ne.

HAJIYA: In mun dawo kai za mu tarar?

Likita ya sosa ƙeya. A ƙarƙashin foldar Saje akwai wata takarda mai tambarin dabino da takubba biyu.

LIKITA: In Allah ya so... ko wani.

HAJIYA: Na gane. Waɗanda suka gabace ka ma haka suka ce, yanzu suna Saudiyya. To rubuta komai a foldar, ka kuma rubuta mini a bayan littafin Ummi. Wannan ita ce folda ta uku, biyun farko sun yi ƙafa.

Ya rubuta, sau biyu, har da sa hannu. Waje ana ta buga ƙofa, lamba 48 na tambayar ko haihuwa ake yi a ciki.

LIKITA: Tambaya ta ƙarshe, Baba. Ban yi maka alkawarin ciwon zai tafi gaba ɗaya ba. Wane abu guda kake so ka koma yi, mu auna da shi?

HAJIYA: Sujada. Ya kai goshi ƙasa.

SAJE: Wannan tsakanina da Ubangijina ne. Rubuta fareti. Ranar 15 ga Janairu, ta 'yan mazan jiya. Bara a kujera suka zaunar da ni kamar matar gwamna.

LIKITA: Na rubuta duka biyun. Nas, kawo keken marasa lafiya a kai shi ɗakin gwaji.

SAJE: Keke? Wallahi ko gawata ba ta hawa.

Ya yunƙura. Hawa na ɗaya ya yiwu, na biyu ya ƙi. Ya koma ya zauna yana kallon silin.

NAS: Baba, lafiya?

SAJE: Gini nake dubawa. Wa ya yi muku wannan aikin? (ya miƙa hannu gefe, bai kalli kowa ba) Hajiya, zo ki riƙe ni nan, tayil ɗin nasu na da santsi, kar ki faɗi.