Daga fukafukai zuwa ɗaure fuska: wa ya kashe kyan motar Amurka?

Ko wanda bai san komai a harkar mota ba, in aka nuna masa hoton Cadillac ta 1959 sai ya ƙara kallo. Tsawonta ya haura mita biyar da rabi, fukafukai biyu sun miƙe a bayanta, fitilun birki masu siffar harsashi, farin ƙarfe mai ƙyalli ta ko'ina. To a ajiye wannan hoton, a ɗauko na wani filin ajiye motoci a Houston ko Chicago a yau: jif fara, jif baƙa, jif ruwan toka, a-kori-kura, sai kuma wata jif ɗin. Sai mutum ya sunkuya ya karanta tambari kafin ya san wacce ce Ford wacce ce Chevrolet. A kan haka ne mutane da yawa suka yanke hukuncin cewa ƙirar motar Amurka ta lalace. Na yarda da hukuncin. Inda muka saɓa da su shi ne shekarun da suke kewa, da kuma wanda suke ɗora wa laifi.

Ado a birnin Detroit, cibiyar ƙera motocin Amurka, bai fara don son kyau ba. A 1927 kamfanin General Motors ya buɗe sashen zane na musamman, ya damƙa shi a hannun Harley Earl, wanda kafin nan a Hollywood yake ƙera wa taurarin fim jikin mota yadda suke so. Shugaban kamfanin, Alfred Sloan, ya lura cewa masu halin sayen mota sun riga sun saya, kuma motar ba ta mutu ba. Yaya za a yi su sake zuwa? Sai aka ɓullo da sauya fasali kowace shekara, don mutum ya raina wadda ke ƙofar gidansa tun ba ta tsufa ba. A shekarar ce kuma Henry Ford ya haƙura da Model T ɗinsa, wadda ya shafe shekara 19 yana sayarwa ba tare da wani sauyi na a-zo-a-gani ba. Fukafukan nan sun fara ne ƙanana a Cadillac ta 1948, motar General Motors, an kwaikwayo su daga wutsiyar jirgin yaƙi P-38. Virgil Exner na Chrysler ya ƙara musu tsayi a 1957, General Motors ya ji haushi ya rama a 1959. Gasar cika ido ce kawai.

Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma ya kamata a tuna baran yadda take. Motocin da muke gani a gidajen tarihi da wuraren gwanjo su ne waɗanda aka ga sun cancanci adanawa. Sauran miliyoyin tuni tsatsa ta cinye su ko aka narkar. Buick da Oldsmobile na 1958 an yi musu lodin ƙarfe mai ƙyalli har siffar motar ta ɓace a ƙarƙashinsa. Edsel, wadda Ford ya fito da ita da ganga da algaita a Satumban 1957, hancinta kaɗai ya zama abin dariya a faɗin ƙasar, aka binne ta a Nuwamban 1959 bayan asarar ɗaruruwan miliyoyin daloli. Wannan ma zamanin zinaren ne.

In ana neman lokacin da Amurka ta ƙera mota mai kyau na gaske, ni a wurina daga 1961 ne zuwa wajen 1967, wato bayan an gaji da fukafukai. A duba Lincoln Continental ta 1961, aikin Elwood Engel. Gefenta shafe yake sumul, babu kwalliya sai siririn layin ƙarfe guda da ya taso daga fitilar gaba ya bi saman jiki har baya. Ƙofofin baya ta baya suke buɗewa, in an wangale duka huɗun sai a ga cikin motar gaba ɗaya. Ba ta ihu, amma duk inda ta tsaya an san wani ya iso. (A cikin irinta aka harbe Shugaba Kennedy a Dallas a 1963, shi ya sa duniya ta fi saninta da wannan baƙar ranar.) A General Motors kuma Bill Mitchell ya gaji Earl a ƙarshen 1958, ya zubar da tarkacen, ya dawo da kaifin layi. Daga hannun mutanensa Buick Riviera ta 1963 ta fito, da Corvette Sting Ray mai gilashin baya rabe biyu, da Oldsmobile Toronado ta 1966, da Eldorado ta 1967 mai ɓoyayyun fitilu. Ford ya baje Mustang a bikin baje kolin duniya na New York ranar 17 ga Afrilun 1964: dogon bonet, gajeren but, ta zauna ƙasa-ƙasa. Cikin shekara guda an sayar da sama da 400,000. Kowacce cikin waɗannan za a gane ta daga nesa ko da an cire tambari, kuma babu wadda ta ari fuskar wata.

Masu kewa sukan ce gwamnati ce ta kashe wannan duka. Suna da hujja, ba za a musa ba. Bayan littafin da lauya Ralph Nader ya wallafa a 1965 yana caccakar kamfanonin kan sakaci da rayuka, majalisa ta yi dokar kiyaye haɗurra a 1966. Daga 1973 aka wajabta bamba mai jure karo a gudun mil biyar cikin awa, kamfanonin kuwa suka ɗauko ƙatti suka liƙa wa motocin da ba don su aka zana su ba. Wanda ya ga motocin 1974 ya san munin abin. A Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa suka sa takunkumin mai, layi ya cika gidajen mai, a 1975 aka yi dokar rage shan fetur. Dole mota ta ƙanƙance, dole ta rage nauyi, dole ta daina faɗa da iska. Ita kuwa iska ba ta san tambari ba, siffa ɗaya take so ga kowa.

Amma a tuna abin da ya jawo dokokin. A 1966 mutane sama da 50,000 suka mutu a titunan Amurka, lokacin da al'ummar ƙasar ba ta kai miliyan 200 ba. A 2009 cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 gaba da gaba. Bidiyon yana intanet. Tsohuwar, duk da girmanta da kaurin ƙarfenta, ta markaɗe har mazaunin direba, sitiyari ya doki mutum-mutumin da aka zaunar. Sabuwar hancinta ne ya lotse, ɗakin fasinja ya tsaya yadda yake. Masu cewa "motar da ƙarfe ce, ta yanzu gwangwani" su kalli wannan tukuna. Wanda ke son a dawo da siririn ginshiƙin gilashi na 1959, sai ya faɗa mana ɗan wa za a zaunar a ƙarƙashin rufin in motar ta wuntsila.

Kuma ko an ɗora wa doka laifi, laifin ba zai zauna ba. Mercedes da BMW da Honda duk a ƙarƙashin dokokin nan suke sayar da mota a Amurka, ba su rasa kamanninsu ba. Wani lokacin ma dokar ce ta saki mara: daga 1940 zuwa 1983 irin fitilar da aka yarda da ita ƙayyadajjiya ce, da aka sassauta sai masu zane suka sami damar lanƙwasa fitila ta bi jikin mota. Ford ya yi amfani da damar a Taurus ta 1986 ƙarƙashin jagorancin mai zane Jack Telnack, mota mai zagayayyen jiki da aka yi wa dariya da farko, daga baya ta ceto kamfanin, kowa ya kwaikwaye ta. Ashe ana iyawa in an ga dama.

Abin da ya faru a General Motors shi ne masu lissafi sun karɓe ragama daga masu zane. Mitchell ya yi ritaya a 1977. A 1981 Roger Smith, wanda ya taso ta sashen kuɗi, ya hau shugabanci. A 1982 aka ɗauko Chevrolet Cavalier mai arha, aka sa mata kujerun fata da tambarin Cadillac, aka kira ta Cimarron, aka tsawwala farashi. A 1983 mujallar Fortune ta jera motoci huɗu a bangonta, Chevrolet da Pontiac da Oldsmobile da Buick, duk na General Motors, duk launi ɗaya, kamar 'yan mata sun yi anko a gidan biki. Babu dokar da ta ce a yi haka. Sloan ya gina kamfanin ne a kan cewa kowane tambari da nasa mutanen, talaka ya fara da Chevrolet ya yi ta hawa har Cadillac. Da suka zama abu ɗaya, me zai sa a biya kuɗin Buick? Oldsmobile ta mutu a 2004, Pontiac a 2010, bayan kamfanin ya durƙushe a 2009 sai da gwamnati ta tallafe shi.

Da tunani ya ƙare sai aka koma tonon kabari. PT Cruiser a 2000, Thunderbird a 2002, Mustang ta 2005, Challenger a 2008, Camaro ta 2010, duk kwaikwayon kakanninsu. Wasunsu sun yi kyau, ban musa ba. Sai dai masu zanen 1963 ba 1923 suke kallo ba.

Babbar ɓarnar dai tana wani wajen. Tun 1964 Amurka ke karɓar harajin kashi 25 cikin ɗari a kan a-kori-kurar da aka shigo da ita daga waje, harajin da ya samo asali daga rigimar cinikin kaji da Turai. Dokar fetur ta 1975 kuma ta sassauta wa a-kori-kura da jif. Ga kariya daga gasa, ga rangwamen doka, ga riba mai tsoka. Ina kamfanonin za su nufa? A-kori-kurar Ford F-Series ta fi shekara 40 tana kan gaba a ciniki. A 2018 Ford ya ce zai daina ƙananan motoci a Arewacin Amurka in ban da Mustang, Chevrolet ta rufe Malibu a ƙarshen 2024. Yau kusan huɗu cikin kowace sabbin motoci biyar da ake sayarwa a ƙasar jif ce ko a-kori-kura ko danginsu. Akwati mai tsayi kuwa ba shi da wurin da mai zane zai nuna gwaninta sai fuska, don haka aka tattara komai a can: ragar gaba kamar bango, fitilu a tsuke, bonet ya kai ƙirjin babban mutum. Da gangan ake yi, don mai saye yana son a ji tsoronsa. Riviera cewa take a kalle ta. Wannan kuwa cewa take a kauce.

Ba maganar ido kaɗai ba ce. A 2023 IIHS ɗin nan ta gano cewa motar da bonet ɗinta ya haura inci 40, wato kimanin mita ɗaya, ta fi mai gajeren hanci yiwuwar kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin ɗari. Masu tafiya a ƙasa da mota ta kashe a Amurka sun tashi daga kimanin 4,100 a 2009 zuwa wajen 7,500 a 2022. Akwai wasu dalilan, irin su waya a hannun direba, amma tsayin hanci yana ciki. An tsare na cikin mota, an bar na waje. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Mu nan abin ya zo mana ta wata hanya. Yawancin motocin da dillalai a Kano ko Kaduna ke cewa "'yar Amurka ce, ba a taɓa ta ba" Toyota ne da Honda. Kuma ba ƙarya suke ba: Honda ta fara harhaɗa Accord a Marysville ta jihar Ohio tun 1982, Toyota na yin Camry a Georgetown ta Kentucky tun 1988, tana kuma da ɗakin zane a California tun 1973. Su ne suka gaji motar iyali da Detroit ta yar. Laƙabin da ake yi wa kowane zubi nasu a kasuwa, wannan don fitilarta, waccan don faɗin ƙugunta, ya nuna mai saye yana lura da fasali sarai. Da wuya ka ji an yi wa wata Buick laƙabi.

Gwanaye ba su ƙare ba. SangYup Lee, wanda ya zana jikin Camaro ta 2010 a General Motors, shi ne daga baya ya jagoranci zane a Hyundai, inda aka fito da Ioniq 5 a 2021, motar da ba ta yi kama da ta kowa ba. Mutumin bai sauya ba, masu ba shi izini ne suka sauya. Motar lantarki ma ta buɗe ƙofa, tunda babu ƙaton injin da zai tilasta dogon hanci. Tesla Model S ta 2012 da Lucid Air sun nuna haka, kuma dukansu daga California suka taso, ba Detroit ba. Cybertruck kuwa, a-kori-kurar Tesla, a idona mummuna ce, amma aƙalla wani ya yi ƙarfin hali, ko da yake ita ma harshen tsoratarwar take yi.

Ita ma Cadillac ta nuna hannunta bai mutu ba. Celestiq, doguwar motar lantarkin da take haɗawa da hannu a Michigan, ta isa a tsaya a kalle ta. Farashinta ya haura dala 300,000. Mustang ta 1964 a kan ƙashin Falcon mai arha aka ɗora ta, aka sa mata dala 2,368, malamin makaranta da ma'aikacin masana'anta suka saya. Abin da ya ɓace ke nan, kuma ban ga kamfani ko ɗaya a Detroit da ke nemansa ba.