Yadda kazar Hajiya ta shiga harkar gyaran kafireta

Jincheng ɗina ba yaro ba ne, Kawu ne ya yi acaɓa da shi har zuwa 2013 da gwamnatin Kano ta hana goyo a babur, daga nan ya jingine shi a zaure sai da na samu aiki ya ce in ɗauka in dinga lallaɓawa. To lallaɓawar muke yi, yana hayaƙi ina addu'a. Kwanakin baya sai ya tsiro da sabon hali, in na tsaya a danja ya mutu, in na ajiye shi a tsakar gida fetur ya dinga ɗiga ta ɗan tiyon nan na ƙasan kafireta, wato abin da ke haɗa fetur da iska ya tura wa inji. Mai kuma tun 2023 da aka cire tallafi ai ba abin da za ka zuba wa ƙasa ba ne.

Na kai wa bakanike ya ce kafireta ce za a wanke, ya faɗi kuɗi, na ce bari in je in dawo. Ban dawo ba. YouTube na shiga na samu wani Ba'indiye yana kwance irin tawa sak, ba na jin ko kalma ɗaya a yarensa amma hannu ai ba ya buƙatar tafinta.

Ranar Asabar na shimfiɗa tabarma na rufe kan mai na zare tiyo na kwanto kafireta, ramin da ya rage a jikin injin kuma na cusa masa tsohuwar safa saboda ƙura kamar yadda mutumin ya yi. Wurin zuba ƙananan kaya na rasa, sai na ɗauko tiren Maman Abba na cikin kabet, wanda baƙi kaɗai ake fito wa da shi. Da na buɗe kofin ƙasa wallahi abin da na gani ya isa a shuka gero, jan laka ce da tsatsa, ga ruwa ya kwanta a ƙarƙashin fetur yana ƙyalli, na tuna duk galan ɗin da na sha saya a wajen 'yan bumburutu na ce Allah ya isa. A cikin kofin akwai wata 'yar roba mai iyo, in mai ya cika sai ta taso ta tura wata 'yar allura ta toshe hanya, datti ne ya maƙale a bakin allurar shi ya sa man yake ambaliya. Sai jet guda biyu na tagulla, babban na gudu ne in ka murɗa totur, ƙaramin shi ke riƙe silo, raminsa ko gashi da ƙyar zai shiga. Na jiƙa su a fetur na goge da tsohon buroshin haƙori na busa da baki har sai da na hango haske ta ciki, na jera su a tire ina jin kaina injiniya.

Sifirin ɗin totur ne ya fara ɓalle mini, ya yi tsalle ya faɗa bayan randa. Ina durƙushe ina lalube sai na ji ƙwas ƙwas a kan tire. Kafin in juyo kazar Hajiya ta ɗaga kai sama tana haɗiya, ƙaramin jet babu shi.

Na bi ta da gudu, ta haye kan buhun gawayi ta faɗa ɗakin girki Abba yana ihu yana tafi, na kamo ta ke nan Hajiya ta fito da carbi a hannu.

"Kai lafiya, me ta yi maka?"

"Hajiya jet ta haɗiye, yanka ta za a yi a ciro."

"Jirgi? Wannan kazar? To ko injin ɗin gaba ɗaya ta haɗiye ba mai taɓa min ita, ƙwai take yi. Ka jira ta yi kashi."

Haka na kifa mata kwando na zauna gadi da tsinke a hannu, magidanci da iyali, duk abin da ta sauke sai na tona. Maman Abba ta zo wucewa ta ga tirenta cikin baƙin mai, ba ta ce komai ba, kallon da ta yi min ne ya sa na tashi na hau adaidaita zuwa kasuwar Kofar Ruwa sayo wani jet ɗin. Mai kayan ya ce orijina kake so ko ɗan Chana, na ce malam babur ɗin kansa ɗan Chana ne, ba ni ɗan'uwansa.

Da yamma na haɗa komai, notin iska na ɗaure shi na warware zagaye ɗaya da rabi yadda aka nuna, na buɗe mai, ko ɗigo babu. Na ja cok na taka kik. Shiru. Na taka na taka har kik ɗin ya dawo ya daki ƙaurina, na ciro fulogi na kankare na mayar, yaran layi suka tura ni har bakin masallaci suka dawo da ni, ko tari bai yi ba. Maƙwabcina da bai taɓa mallakar ko keke ba yana tsaye yana cewa ai koyil ne.

Washegari na tura shi garejin da na ce zan je in dawo. Oga bai ma tashi ba, yaronsa ya turo, ɗan da bai wuce aji shida na firamare ba. Yaron ya kwance noti biyu ya zare kafireta ya leƙa, ya sa filaya ya fara jawo wani abu a hankali, yana fitowa yana fitowa, ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani.

"Alhaji wannan safar taka ce?"

Duk garejin aka kwashe har da mai shayin gefe. Oga ya share hawaye ya ce wankin kuwa ya yi kyau ba laifi, amma tankin ya yi tsatsa, in ba a wanke shi an sa 'yar matatar mai a tiyo ba sati biyu dattin zai dawo. Ya faɗi kuɗi, ya fi na farko. Na ce a yi min ragi ai na rage musu aiki, ya ce kuɗin cire safa ma bai sa ba.