Ɗakin Kosta da hulata

Jama'a duk wanda ya tura wa Yaya bidiyon turawan Amurka masu mayar da bas ɗin makaranta gidan kwana, ya sani ina da magana da shi. Kun dai san tsohuwar Kostar nan da ya jawo daga Kano, ya cire kujerun wai ɗaki zai yi saboda noman rani a dam ɗin Tomas, ya huta da kwanan bukka. To an gama aiki, aka kira mu ganin ɗaki ran Lahadi bayan an taso daga kasuwar Dambatta.

Su turawan da yawansu yanke rufin suke yi su ɗaga shi ƙafa ɗaya ko fiye sannan su yi walda, shi Yaya nan wajen ya tsallake. Ita Kosta dama cikinta bai fi ƙafa 6 da ɗan kaɗan ba, shi ma a tsakiya, don ta gefe rufin lanƙwasawa yake. A haka ya sa kafinta ya jera katako a ƙasa ya ɗora falanki ya shimfiɗa kafet, sama kuma soso saboda zafi sannan silin roba, kusan inci 5 sun tafi kenan. Sai kuma fankar sama. Ta sola. A tsakiyar motar don Allah.

Ni kuma ba a banza ake ce min Dogo ba. Na shiga a sunkuye lafiya lau na zauna bakin gado ana ta sa albarka, kawai sai ga Mai Unguwa ya leƙo, a bayansa kuma baban yarinyar nan da kuka sani. Wallahi ban san lokacin da na miƙe zumbur zan ba su wuri ba. Ƙwal! Fanka ta ɗauke min hula, zanna sabuwa fil da na ajiye tun sallah, ina kallo ta bi ta taga ta faɗa bokitin wanke kofi na mai shayi. Na duƙa don azaba, na sake ɗagowa wai in nuna ba komai, sai kai ya daki silin, roba ta ɓalle, soso ya zubo min a ka ya zauna daram kamar gammo. Shiru. Fanka tana ta ƙiiƙii. Baba ya dube ni ya ce, "Sannu Dogo, zauna abinka, mun karɓi gaisuwar." Ni kuma na ce "Lafiya lau Baba", alhali ba wanda ya tambaye ni lafiya.

Duk wannan zan iya shanyewa, amma ban da guntun mai shayin nan. Mutumin da sai ya taka bulo yake iya ɗaga shayi, shi ne ya shigo da hulata tana ɗiga, ya tsaya ƙyam a ƙarƙashin fankar har yana miƙa hannu sama, wai "ni dai ban ga matsalar motar nan ba, Alhaji." Tun azumi canjina naira 200 yana hannunsa, kullum babu canji, amma bakin magana akwai. Yanzu a teburinsa labarin ya zama wai suma na yi sai da aka yayyafa min ruwa, jiya ma na ji an ƙara da cewa na kira sunan yarinyar. Kuma shayinsa ruwa ne zalla, kowa ya sani, kunya ce ta hana a faɗa.

Yaya dai ya ce in ya sayar da tumatir zai kai wa mai walda a ɗaga rufin. Fankar kuma wai ta karkace, ni zan biya. Za mu gani.