A daji, injin da ake iya gyarawa shi nake so

Wani labari ya ce lantarki na gab da maye gurbin dizal a motocin shiga daji. Ni dai ban yarda an kai nan ba tukuna.

Ku dubi injin dizal ɗin nan na Land Cruiser mai suna 1HZ, lita 4.2, silinda shida, babu turbo, wanda aka fara ƙerawa a 1990. Ba shi da gudu, wannan gaskiya ne. Amma famfon mansa ba ya jiran umarnin kwamfuta. Idan iska ta shiga layin mai, sai ka sassauta noti, ka yi ta danna famfon hannu har kumfa ta ƙare, ka tayar ka wuce. Sababbin motoci masu kwamfuta kuwa, sensa ɗaya (na'urar da ke aika wa kwamfuta bayani) ta sha laka sai mota ta ƙi ja.

Ban raina lantarki ba. Wajen hawan dutse a hankali ƙarfinsa nan take yake zuwa, abin sha'awa ne ƙwarai. Damuwata nauyi: motar lantarki ta Hummer EV ta haura tan 4, batirinta kaɗai ya fi tan 1. Irin wannan in ta shiga yashi ko taɓo, nutsewa za ta yi. Jarkar dizal ana ɗaure ta a baya, caji kuma sai an fito gari.