Yatsan Alhaji

(Tsakar gida, bayan la'asar. Alhaji na kan tabarma yana jan carbi. Jikansa Abba ya jingina waya da buta yana tiƙar rawa a gabanta.)

ALHAJI: Kai! Kunama ce ta harbe ka, ko mutanen ɓoye ne suka tashi?

ABBA: Rawa ce, tsoho. A TikTok zan ɗora.

ALHAJI: Innalillahi! Mu a zamaninmu daga makarantar allo sai kasuwa. Ko kalangu muka jiyo, hanya muke sakewa.

HAJIYA: (ta fito da hoto a hannu) Maigidana, zo ka ga abin da na tsinta a ƙasan adaka.

ABBA: Hajiya, wane ne wannan mai gashi kamar an kifa masa ƙwarya? Ƙafar wandon nan ɗaya ai sai ta yi wa mace siket.

HAJIYA: Dubi takalmin. Tudunsa ya kai bulo. Da shi ya zo zance, ya gurɗe a bakin zaurenmu, sai da aka kira mai ɗori.

ALHAJI: Ba ni ba ne. Ƙanena ne.

HAJIYA: Ƙanen naka ne ya biya sadakina?

ABBA: To wannan yatsan da ka ɗaga sama fa, ga ɗaya hannun a ƙugu?

ALHAJI: Tauhidi. Allah ɗaya nake nunawa.

HAJIYA: Tauhidin John Travolta ba! Farin kwat ɗinsa na fim ɗin 1978 ka kai wa tela a Sabon Gari ya kwaikwaya.

ALHAJI: 1977 ne. Saturday Night Fever, fim ɗin rawar disko. In za ki yi mini sharri, ki yi daidai.

ABBA: Au, ashe ka sani?

ALHAJI: A bakin mutane na ji. Ai disko daga gidajen rawar New York ya taso, wajen baƙaƙen fata da 'yan Latin Amurka. Mai saka faifai yana da garmaho biyu, kafin wannan ya ƙare ya haɗa da wancan, kiɗa ba ya yankewa. Ba irin naku na daƙiƙa goma sha biyar ba, mutum bai ko yi gumi ba an gama.

ABBA: Duk a bakin mutane?

ALHAJI: Mutanen da yawan surutu ne da su. Kuma wannan dum-dum-dum-dum da wayarka ke yi, gadonsa ne. Ku jikokin disko ne ba ku sani ba.

HAJIYA: Ka tambaye shi Soul Train. Shirin talabijin ne na Amurka, ana jeruwa layi biyu, 'yan rawa suna ratsawa ta tsakiya. Ranar bikinmu haka ya jera abokansa a soro. Babana ya ɗauka sahun salla ne, har ya sa musu albarka.

ALHAJI: Don Cornelius ke gabatarwa a lokacin. Muryarsa kamar ganga.

ABBA: To me ya kashe diskon?

ALHAJI: (ya ajiye carbi) Hassada! Ran 12 ga Yuli, 1979, a filin wasa a Chicago, aka tara faifai tuli guda aka tashe su da nakiya. Kaya masu kyau! Da ni suka ba sari, da yanzu ina da bene a Kwari.

HAJIYA: A gidan nan dai bai mutu ba. Da Indiya suka yi Disco Dancer a 1982, na Mithun, sau tara ya shiga silima. Daga nan unguwa ta raɗa masa Jimmy, sunan jarumin a cikin fim ɗin.

ALHAJI: Sau bakwai. Biyun rakiya na yi.

ABBA: Tsoho, don Allah taka kaɗan in ɗauka.

ALHAJI: Allah ya sawwaƙe! (ya miƙe, ya gyara hula) Kai dai kallo ɗaya, don ka ga kuskurenka. Ƙugu ake fara... wayyo bayana! Hajiya, man zafi!

HAJIYA: Sai dai mai ɗori. Jikan wancan ne yanzu ke yi.

ABBA: Hajiya, wannan na gefensa mai baƙin tabarau, ya buɗe ƙirji, kamar na san fuskar.

HAJIYA: In ka je magariba, ka dubi wanda ke jan salla.