Karon Gajimare a Hanyar Zango

Ni mushe ne, wato malamin makaranta, fizik nake koyarwa a wata lise nan Damagaram. Ranar Alhamis uwargida ta aike ni kasuwar Dole in sawo mata fulawa, za ta yi fanke. Na ɗaure rabin buhu a bayan moto na kamo hanya, amma hankalina yana can cikin darasin da zan bayar ranar Juma'a.

Darasin kuwa mai daɗi ne. A sararin da ke tsakanin taurari akwai gajimaren iska da ƙura, mafi yawansa haidirojin, sanyinsa ya kai wajen digiri 260 ƙasa da sifili. Idan gajimare ɗaya yana zaune shi kaɗai, a hankali yake tattaruwa, ya haifi taurari ƴan madaidaita. Amma in biyu suka yi karo da gudun kilomita 10 zuwa 20 a daƙiƙa guda, sai iskar ta matse a wurin da suka haɗu, ta dunƙule curi-curi, nauyi ya ja ta ciki da sauri. Daga nan manyan taurari ke fitowa, masu nauyin rana takwas zuwa sama. Yasuo Fukui da abokan aikinsa na Jami'ar Nagoya ta Japan sun hango alamun haka da madubinsu na hangen nesa da ke ƙasar Cile, har suna ganin tarin taurarin gajimaren Orion ma ta haka aka same su.

Ina cikin tunanin yadda zan zana curin nan a allo, ashe wani mai ga-ruwa ya fito daga lungu da kurarsa cike da bido. Ban ko taka birki ba.

Buhu ya fashe, bido uku suka tuntsire. Fulawa ta tashi fari fat kamar hazon Janairu, ni kuma ina kwance a rairayi. Da na ɗago kai sai na ga abin mamaki: gefe fulawa busasshiya, gefe ruwa zalla, amma daidai inda suka haɗu ƙullu ya dunƙule curi-curi. Wallahi ko a littafi ban taɓa ganin misali mai kyau haka ba.

Na ce da ƙarfi, "Ka gani? A tsakiya yake dunƙulewa!"

Mai ruwan ya dube ni ya ce, "Malam, ka bugu a kai ne? Tun asuba nake layi a famfo." Wata tsohuwa ta soma yi mini tofi.

Na biya kuɗin ruwa har da na murfin bido ɗaya da ya ɓata. Na shiga gida fari tun daga hula har takalmi, na soma yi wa uwargida bayanin Orion. Ta saurare ni tsaf, sannan ta miƙo mini kwano ta ce in koma wurin in kwaso mata taurarin, mai ya riga ya yi zafi.