Ba sai da babbar kwamfuta ake fara tace bidiyo ba

A nan garin Tawa, a Nijar, na sha jin matasa suna cewa ba za su fara koyon tace bidiyo ba sai sun tara kuɗin babbar kwamfuta da manhajar Adobe Premiere. Wannan magana tana damuna ƙwarai, don tana sa yaro mai basira ya zauna yana jira shekara da shekaru.

Wayar da ke hannunka ta isa a fara. Manhajar CapCut ta waya tana yanka, tana haɗawa, tana ɗora rubutu da sauti. Mai tsohuwar kwamfuta kuma ya sauke manhajar Shotcut ko Kdenlive, kyauta ne, ba a biyan ko dala. DaVinci Resolve ma tana da ta kyauta, sai dai tana son na'ura mai ƙarfi.

Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne sanin inda za a yanka, da gyaran murya. Mutane suna haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma da zarar iskar hunturu ta rufe maganar mai magana, sai su wuce. Ɗauki bidiyon minti 3 a kasuwa, ka rage shi zuwa daƙiƙa 40, kana adana aikin a kai a kai saboda ɗaukewar wuta.